Bangon Korau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya watsa tsibirai a cikin ruwan, ya watsa mutane a kan tsibiran, kowa da inda aka rubuta zai kwanta. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Gajere, mutumin Kwarin Ɗinya a ƙasar Dargaza. Ban bar gida don neman dukiya ba, ban bar shi don neman suna ba. Na fita ne neman mutum ɗaya da ya rage mini a duniya, ga kuwa yadda ta kasance.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana Korau. Ina ƙaramin yaro ya bi ayarin fatake zuwa gabas. Ayarin ya dawo, shi bai dawo ba. Babanmu ya rasu yana jiransa. Inna ta tsufa a hannuna, har ranar da na kai mata kunu da safe na tarar rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki, sai in dawo daga gona in yi sallama a ƙofa, in tsaya ina jiran a amsa, kafin in tuna.

Ana nan wata rana wani falke mai suna Cindo ya sauka garinmu. Na fito na same shi tsaye a ƙofar gidanmu, ya saki baki yana kallo.

Na ce, "Baƙo, lafiya?"

Ya ce, "Ban taɓa taka ƙasarku ba, amma na san gidan nan. Ga ɗinyar da aradu ta raba biyu, ga zauren nan mai karkatacciyar ƙofa. Na gan su a zane jikin wani bango, a wani ɗan gari da ake kira Tilimba, a tsibirin Murjani, bayan Baƙar Teku. Wanda ya zana baƙo ne a can." Ya matso ya dubi kumatuna. "Tsagarsa irin taka ce."

Ban jira kaka ba. Na bar wa maƙwabcina gona, na ɗaure kayana, na zuba daddawar da Inna ta bari a cikin burgami, na ja ƙofa na kama hanya.

Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke sunkuyowa su shinshina matafiyi. Na wuce ƙasar da koginta ke gudu zuwa tudu, mutanenta kuma ba sa gaisawa sai da ƙafa. Damina ta same ni a hanya, rani ya same ni a hanya, har na iso Sarwa, babbar tashar jiragen ruwa. Nan na yi dako a bakin teku har na koyi harshen kasuwa, wanda matuƙa daga kowace ƙasa ke fahimtar juna da shi.

Wata safiya wani sarkin jirgi mai suna Gurmusu ya ji ina tambayar hanyar Murjani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kana da dangi a garin nan?"

Na ce, "Ba ni da kowa."

Ya ce, "Shigo. Ba sai ka biya ba."

Na yi ta godiya. Amma da muka yi nisa sai na lura da wani abu. Ba wanda ya tambayi sunana. In na zauna a wuri, sai su tashi. Abincina daban ake zuba mini, a miƙo mini ba a dube ni ba. Ranar da na miƙa wa wani matuƙi ƙuli-ƙuli, ya janye hannunsa kamar na miƙa masa garwashi.

Na sami mai girkin jirgin, wani tsoho mai kunne ɗaya, na ce, "Baba, me na yi muku?"

Ya ci gaba da juya tukunya. Can ya ce, "Gabanmu akwai mashigi tsakanin duwatsu biyu. Akwai mai tsaronsa a ƙarƙashin ruwa, ba ta barin jirgi ya wuce sai an ba ta mai rai. A dokarmu, ba a ba wa teku wanda aka ci abincinsa. Kada ka ƙara tambayata."

Na dubi ruwa gabas da yamma, babu tudu, babu tsuntsu. Sai hannuna ya taɓa burgamin da ke rataye a ƙuguna. Tsohon ya juya baya yana neman ludayi, kuma na lura ya daɗe bai same shi ba. Na marmasa daddawar Inna a cikin tukunya. Haka na yi washegari, haka na yi kullum har ta ƙare.

Da muka iso mashigin sai ruwa ya kumbura, wata kifanya ta ɗago kai, kan ya kai girman rumbu, idanunta kamar faya-fayai. Ƙarti suka cafke ni suka nufi gefen jirgi.

Na ɗaga murya na ce, "Ku tsaya! Wa ya sha miya jiya? Wa ya sha shekaranjiya? Daddawata kuka sha, wadda uwata ta yi da hannunta. Babu cikin da ke jirgin nan da abincina bai shiga ba!"

Gurmusu ya daka wa mai girki tsawa, "Gaskiya ne?"

Tsohon ya ce, "Ni dai na ga miya ta canja. Na kuma ga har kai kana neman ƙari."

Hannayen da ke riƙe da ni suka saki. Kifanya ta bangaji jirgi, katako ya yi ƙara. Ba yadda Gurmusu zai yi, dole ya sa aka kwance bijiminsa da yake ta kiwo don bikin ƙanwarsa, aka tura shi ruwa. Muka wuce. Daga ranar ba wanda ya ƙara yi mini magana, har mai girkin. Da tsibirin Murjani ya bayyana, ba su kai ni gaɓa ba, suka sauke ni inda ruwa ya kai ƙirji, suka juya.

Na fito daga ruwa na shiga Tilimba da hantsi.

Ɗan gari ne, ya kwanta a jikin tudu yana fuskantar teku, bishiyoyin kwakwa da ayaba da gwanda sun rufe shi. Iskarsa ɗumi gare ta da laima, ruwan sama yakan zubo ya ɗauke kafin mutum ya sami mafaka. Babu bango ko ɗaya a garin da ba a yi wa zane ba. Nan kifaye, can tsuntsaye, can mata na ɗauke da tuluna, can wani tsoho na dariya da haƙori ɗaya. Kwale-kwalensu akwai idanu, turamensu akwai fuska. Kowace ƙofa da mai aiki a gabanta: wannan na sassaƙa, wannan na saƙa, wannan na huda bawon dodon-koɗi tana shirya sarƙa, wannan na niƙa launi a kan dutse. Har karnukansu sai ka ga wutsiya shuɗiya, don sun goga a bangon da bai bushe ba.

Suna ganina suka kewaye ni da murna. Aka zaunar da ni a kan kututture, aka ba ni ruwan kwakwa. Na yi musu harshen kasuwa, ba mai ji, na yi namu, suka yi dariya. Sai kowa ya ɗauko kayan aikinsa. Wata ta juya haɓata zuwa haske, wani ya gwada tsawon hancina da tsinke. Kafin azahar fuskata tana jikin allo, tana jikin tulu, wata tsohuwa ma ta fitar da kaina daga guntun itace, da tsagata da komai. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa kallona kamar ranar ba, amma a cikin masu kallon babu wanda zan iya gaya wa abin da ya kawo ni.

Na sulale na bi lunguna ina duba bango ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin haka teku ta fara cika, sai na ga abin da ya tsayar da ni cak. Kifayen da ke jikin bango suka fara iyo. Tsuntsaye suka karkaɗa fukafukai. Ashe launin garin da ruwan wani itace ake kwaɓa shi, in teku ta cika sai zane ya motsa, in ta janye ya tsaya. Mutanen garin ko ɗaga kai ba su yi ba.

A ƙarshen gari, inda hanya ta gangara zuwa rairayi, na same shi. Gidanmu. Ga ɗinya, ga zaure, ga rumbun Baba, ga turmin Inna a kife. Hayaƙi na tashi daga madafa, kaji na tono, asabarin ɗakin Inna na kaɗawa kamar yanzu za a ɗaga shi. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Na tsaya ina jira har teku ta janye, hayaƙin ya daskare, ba wanda ya fito. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Wata mace ta dafa kafaɗata. Ta dubi tsagata, ta dafe ƙirji, ta kama hannuna ta ja ni cikin gidan da ke bayan bangon. Daga baya na san sunanta Amisa, matar yayana ce.

A tsakar gida wani mutum na zaune, furfura ta cika masa gemu, farar yana ta rufe rabin idanunsa. Amisa ta yi masa magana da sauri. Ya miƙo hannu ya shafa kumatuna, yatsunsa na bin tsagar.

Na ce, "Yaya, ni ne Tunau."

Bakinsa ya yi ta motsi. Harshenmu ya yi masa tsatsa, sai da ya laluba kafin ya samo kalma. Ya ce, "Tunau. Ɗan... ɗan ƙaramin nan?" Sai ya ce, "Inna fa?"

Na ce, "Ta rasu. Baba ma ya riga ta."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ba ni labari, rabi da baki rabi da hannu. Shi ma kyauta aka ɗauko shi daga Sarwa. Shi ba shi da daddawa. Da suka jefa shi, kifanyar ta bugi jirgi da wutsiya, ya kama katakon da ya ɓalle, ruwa ya kawo shi nan. Ya ce, "Na ga cikin bakinta, Tunau. Kowace shekara in ce baɗi zan koma. In na je bakin ruwa, ƙafa ta ƙi."

Aka ba ni ɗaki, aka girmama ni. Amma in an zauna cin abinci, shi da matarsa da 'ya'yansa mata sai su yi ta hira da harshensu suna ƙyalƙyata dariya, ni ina zaune da kifi a hannu ina murmushin da ban san dalilinsa ba. Wani lokaci ya tuna da ni ya fara fassara mini, kafin ya gama an wuce wurin. Na ƙetare duniya don in daina cin abinci ni kaɗai, sai ga shi na fi jin kaɗaici a nan. Da rana in fita in zauna gaban bangon, domin nan ne kawai na san kowane abu da sunansa.

Can Yaya ya same ni wata rana. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka sa Inna a ciki ba?"

Ya ce, "Na gwada. Fuskarta ta ɓace mini. In na rufe ido ina ganin zanen da take ɗaurawa, ina ganin hannunta, fuskar babu. Kai kana da ita. Ka faɗa mini, in zana kafin idon nan ya ƙarasa."

Sai dai launin fatar mutum ba a niƙa shi a gari. Jar ƙasa ce da ake haƙowa a wani kogo a bayan tsibirin, ba a shigarsa sai teku ta janye, kuma al'adarsu kowa shi ke ɗebo tasa. Amisa ta yi ta faɗa, ta nuna idanunsa, ta nuna teku. Bai saurare ta ba. Da safe muka fita, shi ya san hanya, ni ina da ido. Ya rataya goransa na farin launi da tsinken zanensa, wanda suke yi da zaren ɓawon kwakwa, domin ba ya zuwa ko'ina ba su.

Muka shiga kogon muka haƙa. Jar ƙasar ta yi zurfi fiye da yadda ya tuna, muka daɗe. Muna juyowa na ji ƙaras-ƙaras a kan dutse. Na duba bakin kogo, sai ga ƙaguwoyi, kowace ta kai jaki, sun tare hanya suna buɗe hannuwa kamar awartaki. A bayansu kuma ruwa ya fara shigowa.

Na ce, "Yaya, ƙaguwoyi sun tare ƙofa, ga ruwa ya taso."

Ya ce, "Ruwa ya taso? Madalla. Kai ni jikin bango mai santsi. Durƙusa in hau kafaɗarka."

Na ɗauka tsoro ya taɓa masa hankali, amma na durƙusa. Ya hau, ya tsoma tsinke a gora, ya shiga ja da sauri, daga sama har ƙasa. Ruwa ya kai mini idon sawu, ya kai gwiwa. Ƙaguwa ta gaba ta matso har ina jin ƙarninta. Na ɗaga kai na ga abin da yake yi: zalɓe ne, ƙato, tsawonsa ya kai rufin kogon. Da yake ba ya gani sosai, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ido ya sauka a wuya. Amma baki ya fita, dogo mai tsini.

Teku na cika, zalɓen ya buɗe fukafukai, ya lanƙwasa wuya ya kai sara. Ƙaguwoyin suka watse, suna hawa kan juna, kowace na neman rami. Na saɓi Yaya a baya, ƙunshin jar ƙasa a kaina, na kutsa ruwa har muka fita. Muka zube a kan rairayi muna haki. Sai ya fashe da dariya, ni ma na fashe. Ranar ce muka fara dariya kan abu ɗaya.

Washegari muka tsaya gaban bango, ya kwaɓa launi.

Na ce, "Fuskarta siririya ce, kumatu sun faɗa. Akwai layi uku a goshi."

Ya ce, "A'a. Inna mai kumatu ce. Ga wushirya."

Na ce, "Yaya, haƙoran gaba sun zube tun da daɗewa."

Ya sauke hannu. "Sun zube?"

"Sun zube. Kanta ma ya yi fari fat."

Ya zauna a kan dutse. Ya ce, "Ita na bari tana daka da hannu ɗaya, kai kana goye." Sannan ya ce, "Faɗa mini taka. Ita ce ta jira ni."

Ya yi jiki, ya yi zane da kallabi, ya yi hannun da ke ɗaga asabari. Aikin ya ɗauke shi kwanaki, kullum yana ƙara matsawa jikin bango har hancinsa na taɓawa. Ranar da ya zo kan fuska, ya tsaya da tsinke a sama, ya juyo wajena, ya ce, "Rana ta fito kuwa?"

Rana tana tsaka. Ashe idon ya ƙarasa.

Ya laluba ya kamo hannuna ya danƙa mini tsinken. Na ce, "Ni manomi ne, Yaya. Ban taɓa zana ko ƙadangare ba."

Ya ce, "Babu wani mai ita sai kai."

Na yi. Mutanen gari suka taru a bayana, masu gwaninta duka, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya karɓi tsinken. Da na gama teku ta cika, matar da ke jikin bango ta ɗaga asabari ta leƙo. Ido ɗaya ya fi ɗaya, baki ya karkace. Wata tsohuwa ce dai, amma ban san ta ba.

Yaya ya riƙe rigata. "Ta fito?"

"Ta fito."

"Ta yi kama?"

Na dubi idanunsa farare. Da na ce e, da ya yarda har ya mutu. Na ce, "Ba ta yi kama ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Ruwan damina zai wanke. In ya wanke ka sake."

Haka garin yake: in manyan ruwaye suka zo sai su wanke bangaye, in sun wuce kowa ya sake nasa. Yaya ya koya mini niƙa da kwaɓi, ya koya mini riƙon tsinke, yana zaune a inuwa ina ba shi labarin Inna, abin da ta ce ranar kaza, yadda take kiran kaji, yadda take ajiye masa tuwo a duk daren salla. Harshenmu ya dawo bakinsa sarai. Bai kai ga sakewa ta biyu ba, zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakiyar ruwa. Na yi masa wanka da salla irin tamu, ni kaɗai a sahu, mutanen Tilimba na tsaye daga nesa da furanni a hannu.

Jirage sun zo sun tafi, ban shiga ba. Amisa da 'ya'yanta suna kula da ni, na kuma koyi harshensu daidai na gaisuwa da ciniki. Namu kuwa, ba wanda zan yi shi da shi sai in wani falke ya ɓato hanya, kamar yadda kuka ɓato yau.

Bana ma na sake bangon. Na ƙara mutum ɗaya, yana zaune a gindin ɗinya da tsinke a hannu. Shi ya yi kama, domin Amisa ta zo ta gani ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki. Inna ce har yanzu ban samu ba. Goshin ya yi daidai, bakin ne ya ƙi.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ku shanye ruwan kwakwarku ku taso, teku ta kusa cika.